Nahawun da Na Sata ta Bayan Zaure

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara waccan ba, ko da kuwa zan tsufa har in manta hanyar rijiya. Yanzu ma da nake ba ku labarin, kunnuwana zafi suke yi. Amma tunda matan unguwarmu sun riga sun kai maganar har kasuwar Tsanyawa, kowace da irin gishirin da ta ƙara, gara ku ji daga bakin mai ita.

Ni 'yar manoma ce gaba da baya. A gefen kogin Watari aka haife ni, inda gona take manne da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Abin da na iya shi ne kaɗi, da surfe, da gyaran gayauna, sai Fatiha da 'yan gajerun surorin da nake salla da su. Da wannan guzurin aka kawo ni gidan malamai. Asalinsu mutanen Barno ne, kakanninsu suka zo da littattafai a bayan jakuna suka zauna, har Barbarcin ya gudu ya bar su da son karatu. Gida ne wanda ko kaza ta yi kyarkyara sai ka ce tilawa take.

Surukina, Malam Babba, tsoho ne mai sanyin hali, kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan kakan nasa. To kun ga sunan ya zame mini wuta biyu. Ba na faɗarsa don na suruki ne, ba na faɗarsa don na ɗan fari ne. 'Yan gida suna ce wa yaron Baffa, ni kuwa ko Baffan ba ya fita a bakina, sai dai "yaron nan". A gaban mutane ko faɗuwa ya yi sai in kau da kai in bari wata ta ɗaga shi, a yi ta cewa kai, yarinyar nan akwai kunya. (Ba su san in na shiga ɗaki na saki asabari ba, shinshinar ƙeyarsa nake kamar tunkiya da ɗanta, ina taɓa cikinsa ko ya yi zafi, ina sa kunne in ji ko yana numfashi daidai.)

Ana gab da yaye shi, wata safiya muna daka da facalata Delu, matar wan mijina. Ita 'yar malamai ce, tun tana yarinya ta sauke, kuma bakinta ba ya riƙe magana.

Ta ce, "Ke, kin ji Gwaggo ta Birni za ta zo walimar saukar Auta?"

Auta shi ne ƙanin mazajenmu. Na ce na ji.

"Kin ji da wa za ta koma?"

Taɓarya ta tsaya a hannuna.

"Da Baffa mana. Tun ranar suna ta ce nata ne. Wai jikan malamai, mai sunan ƙaninta, ba za ta bar shi a hannun wadda ba ta san alif ba. Ke kam kin huta, sai ki yi ta barcinki."

Na yi murmushi, na ce, "Allah Ya sa albarka." Me zan ce? Uwa ba ta hana riƙon ɗan fari, ko a fuska ba ta nunawa. Na ci gaba da daka, sai da Delu ta riƙe mini hannu ta ce ai na mai da geron gari tuntuni.

Gwaggon nan yayar Malam Babba ce, ita ta goye shi. A cikin Birni take, tana karantar da mata. Ban taɓa ganinta ba, don zuwanta na baya ina gidanmu wankan jego. Birni kuwa a wurina kamar wata duniya ce. Sai an jira ayari saboda mahara, a kwana a hanya, a bi ta Ungogo, a yi sauri a shiga kafin a rufe ƙofar ganuwa. In yaro ya shiga can, wa zai kai ni? Na gwada maigidana, Malam Ƙarami, ta bayan fage, na ce wai ni kam Malam, Birni akwai sauro? Ya dube ni, ya gane, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo ce fa. Baba ma ba ya ja da ita."

Na koma wurin Delu kamar da wasa, na tambaye ta me Gwaggon ta fi so a duniya. Na zaci za ta ce alkaki ko man shanu, in zage in yi. Sai ta ce, "Nahawu. Duk zuwanta sai ta tara mu ta yi ta jefo mana tambaya. Ita a wurinta wanda bai san nahawu ba jaki ne da mangalar littattafai."

To a nan ne shaiɗan ya raɗa mini shawara.

Ɗakina yana jingine da bayan zauren da maigidana yake ba manyan ɗalibai karatu da hantsi, kuma akwai wata 'yar kafa can sama da aka bari don iska. A da in sun fara, ji nake kamar kwaɗi a fadama. Ranar sai na jawo 'yar kujerata da mazari da auduga, na zauna gindin bangon, na buɗe kunne. Na ce tunda ban iya duba baƙi ba, ai kunne ba a rufe shi da allo.

Allah da ikonSa, lokacin ya ɗauko sababbin ɗalibai daga farko. Na ji yana cewa duk maganar Larabawa, komai yawanta, kashi uku ce: ismu, da fi'ili, da harafi. Ismu shi ne sunan mutum ko na wani abu. Fi'ili shi ne aikin da aka yi ko ake yi. Harafi kuwa 'yan ƙananan nan ne da ba sa tsayuwa da ƙafarsu sai sun jingina da wani, irin su "fi" da "min", wato "a cikin" da "daga". Na saki mazari. Na ce a raina, au! Wannan ne nahawun da ake tsorata mutane da shi? Ai tsintar wake ce. Mai kyau nan, mai ƙwari nan, tsakuwa nan. Ni da tun ban fi turmi tsawo ba nake tsintar wake!

Jama'a, daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa. Washegari tun kafin su taru na gama shara, na ɗora sanwa, na zauna. Na ji yadda ake gane ismu: ko dai ya zo da wutsiya, a ji "un" a ƙarshensa, ko ya zo da hula, a ji "al" a kansa. (Wutsiya da hular nawa ne, shi ba haka ya kira su ba.) In ya jefo kalma, kafin ɗaliban su gama kame-kame na riga na faɗa a zuciyata. In na dace sai in tashi in taka rawa ni kaɗai a ɗaki, yaron nan yana kallona yana tafi. In na kuskure sai in ce ai ban ji sosai ba ne, kafar ce ta yi ƙanƙanta.

Har mutanen gida na rarraba. Inna, uwar mijina, ismu ce: tana zaune a inuwa, kowa da ita yake farawa. Ni ce fi'ili, daga na daka sai na ɗebo sai na wanke. Delu kuwa harafi, ba ta da aiki sai haɗa wannan da wancan.

Akwai wani abu guda. A misalan nahawu akwai wani mutum da ba ya hutawa, kullum shi ne ya tashi, shi ne ya zauna, shi ne ya doki wani bawan Allah wai shi Amru. (Har yau ban san me Amru ya yi masa ba, amma na tausaya masa.) To mutumin nan sunansu ɗaya da surukina. Saboda haka a zauren gidanmu ba mai kama sunan, daga malamin har ɗalibai. In an zo wurin sai a ce "mai sunan Malam". "Ƙama mai sunan Malam", wato mai sunan Malam ya miƙe. Haka na ji, haka na haddace, ban taɓa jin an faɗe shi tsirara ba.

Abu ya kai ina niƙa ina gunaguni, "ismu, fi'ili, ismu, harafi." Ran nan na ɗago kai sai ga Inna tsaye a kaina, ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, da wa kike magana?"

"Ba kowa, Inna."

"Jiya ma na gan ki kina yi wa bango dariya."

Kafin la'asar an kawo mini rubutu a ƙoƙo, da turaren hayaƙi, wai ko na gamu da mutanen ɓoye a gindin tsamiya. Na shanye tas, na yi godiya. Gara a ce iska ce da a ce satar karatu nake.

Aka yi girbi, aka ɗaure dawa, rumbuna suka cika, sai ga Gwaggo a kan jaki cikin ayarin masu kai fata. Na zaci zan ga wata doguwa mai ban tsoro. Ashe 'yar tsohuwa ce ƙarama, bakinta jawur da goro, idonta kamar na shaho. Tana sauka ta ce, "Ina mijin nawa?" Aka miƙa mata yaron nan. Ta juya shi, ta duba haƙora, ta ce ya yi, za su shirya. Ina durƙushe ina gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta ce, "Wannan ce 'yar Watarin?" Aka ce ita ce. Ta ce, "Uhm." Wannan "uhm" ɗin na kwana ina juya shi, ban gane ko ismu ne ko harafi ba.

Ranar walima gida ya cika. An yi gumba, an toya waina, ga tuwon dawa ƙwarya-ƙwarya ana fita da shi zaure wurin maza. Bayan azahar, da aiki ya lafa, mata suka taru a inuwar ɗurumin tsakar gida, 'yan gida da maƙwabta da baƙi daga ƙauyukan kewaye. Gwaggo ta zauna a kan buzu, carbi a hannu, yaron nan a gefenta yana cin nakiya. Malam Babba ya gaji da jama'a, ya shiga turakarsa ya saki asabari, ƙofar tana kallon inda muke. Ni ina can baya wajen murhu, na riƙe ludayi ina dama fura, amma kunnena duk yana gindin ɗurumi. Na ce yau ce ranar. Yau za ta san 'yar Watari ba jaka ba ce.

Ta fara da 'yan gida. Ta tambayi wata farillan alwala, ta tambayi wata abin da ke karya azumi. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, bari in ga ko tuwo bai toshe muku kai ba. Baitun, mene ne?"

Delu ta ce, "Ismu." (Na riga ta a zuciya, wallahi na riga ta. Ga wutsiya nan ƙiri-ƙiri.)

"Zahaba fa?"

Wata ƙanwar maigidana ta ce fi'ili. Nan ma na sani. Na matso da ƙwaryar furar gaba kaɗan. Ta jefo wata, aka cafe. Ta sake jefowa, aka cafe. Duk wadda na buɗe baki sai wata ta riga ni. Na sake matsowa, har na zo bayan Delu. Ina ta cewa a raina ya Allah guda ɗaya, guda ɗaya tak da za ta gagare su.

Sai Gwaggo ta tauna goro, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, gefen bakinta yana motsi. Ta ce, "To ga wata. Ƙama Zaidun. Wace ce za ta ciro mini ismun da ke ciki, ta faɗe shi da bakinta?"

Tsit.

Delu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. 'Yan matan gida suka shiga kallon ƙasa. Inna ta ɗauke kai tana duban reshen ɗurumi. Ni kuwa me na gani? Na ga mata cike da tsakar gida, 'ya'yan malamai da jikokin malamai, abu ya gagare su! Ga wutsiya tana reto, "un" ɓaro-ɓaro, ba wadda ta gani sai ni! Ban tsaya na tambayi kaina kalmar mece ce ba. Ban tuna da zaure ba, ban tuna da mai dukan Amru ba. Wake kawai na gani a cikin tsakuwa. (Daga baya na ji ashe wasanta ne, duk zuwa sai ta ɗana wannan tarkon don ta ga surukan gida suna mutsu-mutsu. Ita ƙaninta ne, tana da ikon kama sunansa. Kowa ya sani. Ni kaɗai ce ina wankan jego lokacin da aka sani.)

Na miƙe tsaye, ludayi a hannu, na ce, "Zaidu!"

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu."

Ni na zaci mamakin ilimina take. Gwaggo ta kafe ni da ido, ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Me kika ce, 'yar nan? Kunnen tsufa. Ɗaga murya."

Delu ta ja mini zane ta ƙasa. Na fizge, na ce a raina hassada ce. Na cika ƙirji da iska, irin muryar da nake korar tsuntsaye da ita a gonar gero, na ce, "ZAIDU! Zaidu ne, Gwaggo! Zaidu!"

Sai asabarin turaka ya motsa.

"Na'am!"

Malam Babba ya leƙo, ba rawani, hula a karkace, alamar daga barci ya tashi. Mutumin da sai an yi kamar za a tsaga maƙogwaro yake jin sallama, yau ya ji tangaran. Ya dubi yayarsa ya ce, "Yaya, kirana kike?"

Gwaggo ko gezau. Ta ce, "Ba ni ba ce. Surukarka ce take nemanka."

A nan ne kalmar ta dawo mini cikin kunne da ainihin kamanninta. Wayyo Allah. Na ji kamar an kwara mini ruwan rijiya tun daga ka har ƙafa. Sunan da ko a mafarki ban taɓa kamawa ba, na suruki, na ɗan fari, na kwarara shi a tsakar gida har da maimaici, a gaban uwar mijina, a gaban baƙin ƙauye uku, ga mai sunan tsaye yana jiran in faɗi abin da nake so. Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana salati. Delu ta kifa kai a cinyar wata, kafaɗunta suna rawa. Can wata ta kasa riƙewa ta fashe, sai gaba ɗaya gindin ɗurumi ya ɗauka. Malam Babba ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce, "Lafiya dai ko?" Dariyar ta ƙaru.

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na juya zan gudu na yi fatali da ƙwaryar fura, ta malale har bakin buzun Gwaggo. Kuma maimakon in wuce ɗaki in lulluɓe, ku ji abin da na yi. Ban san lokacin da na yi tsalle na tsallake furar ba, na sunkuci yaron nan daga gefen Gwaggo, na ƙanƙame shi a ƙirji, nakiya da majina duk a wuyana, na ruga da shi. A gaban kowa. Ni mai kunyar da ake ba da misali da ita. Kunya biyu na zubar kafin ƙiftawar ido, ga fura ta uku.

Na shige bayan gado na zauna ina kuka, yaron yana ta ƙoƙarin cusa mini sauran nakiyarsa a baki. Na gama shirya yadda zan bi ta bayan danga in tafi gidanmu, in ya so a aiko da kayana. Na ce shi ke nan, da ma an ce ban san alif ba, yanzu an ƙara da ba ni da ta ido. Gobe da asuba za a ɗora shi a jaki.

Rana ta yi sanyi sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa dokin ƙofa.

"Masu nahawu suna ciki?"

Gwaggo ta shigo ba ta jira izini ba, ta zauna a bakin gado, ta ce in fito ta gan ni. Na fito da rarrafe.

"A ina kika samo shi?"

Na nuna mata kafar bango. Ta ɗaga kai ta duba, ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta ce, "To bari mu gani. Huwa, mene ne?"

Na laluba, ba wutsiya, ba hula, ga shi ɗan ƙarami. Na ce harafi.

"Ismu ne. Laisa fa?"

Na ce harafi.

"Fi'ili ne. Nahawunki ko ɗan tsako ba zai saya ba, 'yar nan. Wa ya aike ki?"

Na shiga goge wa yaron nan baki.

"Da ke nake. Mace ba ta zama gindin bango tana shan rubutun iska a banza. Me kike nema?"

Na ce, "Gwaggo, ina jin nauyi."

"Nauyi? Ke da kika tashi ƙanina daga barci da sunan da aka raɗa masa? Wane nauyi ya rage miki? Faɗi."

Gaskiyarta. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na dubi ƙasa na ce, "An ce kin ce ba za ki bar shi a hannun wadda ba ta san alif ba."

"Na faɗa. Ban kuma janye ba."

"Shi ne na ce ko in na iya wani abu..." Na ƙara ƙanƙame shi. "Gwaggo, don Allah kada ki tafi da shi."

Ta ja carbi har ya zagayo. Sannan ta ce, "Ni nawa na farin da aka zo ɗauka, tsayawa na yi ina murmushi kamar an ba ni kyautar zane. Har rakiya na yi musu. Ban sake ganinsa ba sai da gemu, yana ce mini Yaya." Ta share gefen ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin ɗakina ya yi yawa, alhali ko wuta ban hura ba.

Ta miƙe, ta dogara sanda. "Zan bar shi sai ya yi famfara. Ranar da haƙorin farko ya faɗi, nawa ne, ko kin yi kururuwa har a ji a Dala. Kafin nan kuma ki san alif. Zan gaya wa mijinki ya yanko miki allo, ki bar satar karatu ta kafa kamar ɓera. Kada ki ce nahawunki ne ya cece ki. Bakinki ne, da ya buɗe a inda ya kamata daga ƙarshe."

Na faɗi ina godiya, ina kuka, ina dariya. Ta kai bakin ƙofa ta waigo ta ce, "Ki kuma dama wata furar. Waccan ƙasa ta sha."

Sauran kuwa na biya shi da fuskata. Na yi kwanaki ban fita tsakar gida ba sai da lulluɓi har ido. Inna ta sa na yi fura mai kyau da nono, Delu ta kai wa Malam Babba da ban haƙuri. Ta dawo tana dariya, wai ya ce a gaya mini ba komai, tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya kira shi ya ji sarai haka, har ya zaci za a aike shi ɗebo ruwa. Wannan saƙon ya fi zagi ciwo. Har yau in na hango shi daga nesa sai in faɗa ɗakin da ya fi kusa, ko na wane ne. A rijiya kuwa, in yaro ya yi nisa ana son kiransa, sai ka ji wata ta ce, "Ku nemo matar Malam Ƙarami, ita ko kurma ji yake."

Alif dai na san shi yanzu, har na wuce. Yaron nan yana nan yana bin awaki, kuma kullum da safe sai na ce ya buɗe baki in gani, in ɗan taɓa na gaban nan in ji ko sun fara girgiɗi. Rake ma na hana shi sha, kowa yana mamaki.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. In kin ga mata cike da tsakar gida an yi tambaya sun yi tsit, har da wadda bakinta ba ya rufuwa, kada ki ce Allah ne Ya kashe ya ba ki. Sun san amsar sarai. Abin da suka fi ki sani shi ne wanda yake kwance a bayan asabari.